Shekarar da Russell Ya Tsare Ragar Skelby

Skelby, Ingila
18 ga Agusta

Yaya Desmond,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, kai da Beryl da 'yan matanku. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ta ƙi barin halinta, da tarin maigidana Norman, wanda shi yake cewa sanyin tashar kifi ne, ni kuma nake cewa taba ce.

To, ranar ta zo. Skelby ta buga wasanta na farko a rukuni na ɗaya, kuma na gani da idona. Rabona da filin Ropery tun Baba yana jan mu muna yara, amma Norman ya ce wannan karon ko a goye sai ya kai ni. Da ka ga garin nan da ba ka gane shi ba. Kowane shago kore da fari, har mai haɗa akwatin gawa ya rataya ƙyalle a tagarsa. An tashi ɗaya da ɗaya da wata ƙungiya daga Landan, mutane suka fito suna rungumar juna kamar kofi muka ci.

Da 'yan wasa suka fito fili sai Baba ya faɗo mini a rai. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cewa baɗi za mu hau, ga shi an hau babu shi, kai ma kana can ƙarshen duniya. Na ɗan yi hawaye, Cyril Boothroyd ya miƙo mini hankicinsa mai ƙarnin kifi. Har yanzu shi da Norman suna tsayawa inda kuka saba, bayan ragar ɓangaren teku, daf da shinge.

Ɗanka Russell bai buga ba. Alf Tordoff ne gola har yanzu, duk da ya fara furfura, shi kuwa yaron nawa yana tsare raga a ƙungiya ta biyu. Ya zauna cikin manya sanye da kwat, kunnuwansa sun yi ja. Koci ya ce masa ya yi haƙuri, shekara ashirin ba komai ba ce a wajen gola. Ni dai a raina na fi son haka. Ƙartin da na gani ranar Asabar ture mutum suke yi kamar shanu.

Ka rubuto da wuri.

Ƙanwarka,
Glenys

Whyalla, Ostareliya
6 ga Satumba

Ƙanwata Glenys,

Takardarki ta iso, mun gode Allah da jin kuna lafiya. Mu ma lafiya muke, sai zafi da ya fara leƙowa. Ki ce wa Norman ya bar tabar nan, in kuma ba zai iya zubarwa ba ya aiko mini.

Kin ce ina ƙarshen duniya. Gaskiya ne, kuma a ƙarshen duniya ba a kallon ƙwallo, lamba kawai ake ji. Ranar Lahadi da safe nake manna kunne a rediyo, wani mutum ya karanto sakamako da muryar da ba ta san daɗi ba, ba ta san baƙin ciki ba: Skelby ɗaya, su wane uku. Shi ke nan. Wa ya ci, wa ya zubar, an yi ruwa ko ba a yi ba, duk sai in ƙirƙira da kaina. Litinin in na shiga cikin jirgin ruwan da muke wa walda, akwai wani ɗan Glasgow, Murdo, da ke jira na a gindin tsani. Makon jiya cewa ya yi, "Des, 'yan kifin naku yawon buɗe ido suka zo rukuni na ɗaya, ka ce su ɗau hoto da yawa kafin a koma gida." Na ce masa ya jira a sa ɗan ƙanwata a raga.

Don Allah ki riƙa yanko mini shafin wasanni na jaridar gari, ko da ya tsufa.

Ki ce wa Russell kawunsa ya ce kada ya ƙosa. Ina nan ina ganinsa yana ɗan shekara takwas, ina buga masa ƙwallo a jikin ɗakin kwal, yana faɗuwa kan siminti yana tashi yana cewa, "Kawu, ƙara." A shekarar na bar gida, kuma har yau in an ambace shi wannan yaron nake gani, ba mai kwat ba.

Yayanki,
Desmond

Skelby
22 ga Nuwamba

Yaya Desmond,

Ina gaisuwa, ina kuma ba da haƙurin shiru. Tarin Norman ya yi sauƙi. Gwiwa tana nan.

Ka nemi kujera kafin ka ci gaba. An sa Russell. Tordoff ya karya ƙashin kafaɗa a farkon wata, likita ya ce sai bayan sanyi. Wasan Russell na farko a waje aka yi, an ci su biyu, jarida ta ce ba laifinsa ba ne. Na biyu shi ne na jiya a Ropery.

Ban je ba, zuciyata ba za ta ɗauka ba. Na zauna a kicin na buɗe taga, ka san daga nan ana jin fili. Ihun murna sama yake tashi, na takaici kuwa kamar nishin mutum ɗaya ne. Ana daf da tashi sai na ji shiru, irin shirun da ban taɓa ji ba a ranar wasa. Na miƙe tsaye da tsumma a hannu. Sai ƙara ta fashe, har kofuna suka motsa a kan kanta. Ashe fanareti aka ba baƙin, mu kuma muna gaba da ɗaya. Russell ya faɗa hagu ya ture ta da yatsu.

Da sunansa aka riƙa waƙa har kan titinmu. Mahauci ya aiko da cinyar rago kyauta. Norman ya shigo muryarsa a dishe, ya zauna a tebur kamar ba abin da ya faru, ya dubi yaron ya ce:

"Ka yi saurin faɗuwa. Da ya buga tsakiya fa?"

Russell ya ce, "Ai bai buga ba, Baba."

"To, ci abincinka."

Iyakar yabon ke nan. Amma yau da safe na same shi da almakashin ɗinkina yana yanke hoton daga jarida, ya naɗe ya sa a aljihun riga. Sai da na sayo wata dominka. Ga ta nan.

Kada ka ɗauka komai ya gyaru. Mu ne na uku daga ƙasa, kuma biyun ƙarshe ne ke faɗuwa. 'Yan bayan nan namu in suna juyawa sai ka ce masu ɗauke da gado. Duk ƙwallon da ta wuce su, shi kaɗai take tararwa.

Ka gaida Beryl da yara.

Ƙanwarka,
Glenys

Whyalla
14 ga Janairu

Ƙanwata,

Barka da sabuwar shekara, da fatan kun shige ta lafiya. Ki yafe mini jinkiri. Jirgin da muke ginawa aka matsa sai mun tura shi ruwa kafin Kirsimeti, ba Asabar ba Lahadi. Ranar Kirsimetin kuma Beryl ta dage sai ta gasa kaza kamar muna gida, a cikin wannan zafin, har muka gudu da farantanmu ƙarƙashin bishiya.

Hoton yana manne a ƙofar akwatin kayana a wajen aiki. Ba wanda ya tsira daga kallonsa, har shugaban ma'aikata. Murdo ya duba ya duba, ya ce kunnuwan yaron ne suka tare ƙwallon. Rediyo ya ce mun ci wasa ɗaya mun yi canjaras biyu a hutun nan, mun ɗan ɗago daga ƙasa. Ina ji a jikina za mu tsira.

Ga wata 'yar takarda daban, ta Russell ce, ki miƙa masa.

Yayanki,
Desmond

Kai yaro, ka ji ni da kyau. Kakanka ya jira wannan rukunin har ya mutu, ni kuma na cika baki da sunanka a gaban kowa. Idan garin nan ya faɗi ta hannunka, kada ka sake kira na kawu. Cewa zan yi ban san ka ba, a kwandon kifi aka tsince ka. Ka riƙe ƙwallo da hannu biyu, ba sabulu ba ce.

Skelby
11 ga Maris

Desmond,

Da fatan kuna lafiya. Mu nan ba mai ciwo, iyakar abin da zan ce ke nan.

Yajin aikin ma'aikatan gidan waya ya ƙare. Jiya aka fara raba wasiƙun da suka taru tun Janairu, taka tana ciki. Bari in faɗa maka gidan da ta tarar.

Tun tsakiyar Janairu ba mu ci wasa ba. Fili ya zama taɓo, 'yan kallo suka fara gunaguni, suna neman wanda za su ɗora wa. Asabar da ta wuce maƙwabtanmu 'yan Marsby suka zo. Ba sai na faɗa maka abin da wannan wasan yake nufi ba, balle bana da su ma suke ƙasa tare da mu. Ba wanda ya ci har aka kusa tashi. Sai wani nasu ya buga daga nesa, bugun da ba shi da ƙarfi. Russell ya durƙusa zai ɗauka, ta zame ta tsakanin hannuwansa, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, ta gangara a hankali ta kwanta a raga. A ragar ɓangaren teku, a gaban ubansa.

Norman bai ce mini komai ba. Matar Cyril ce ta zo ta faɗa mini tana kuka. Ta ce ɓangaren gaba ɗaya ya ɗauki zagi. Cyril, wanda ya riƙe Russell a coci ranar da aka yi masa baftisma, ya ɗaga murya ya ce, "Shege, uban wa ya ce maka kai gola ne? Koma ka yanka kifi." Sannan ya tuna wanda ke tsaye a gefensa. Norman bai dube shi ba. Ya gyara hularsa, ya juya, ya ratsa mutane ya fita. Russell yana tsugune yana ɗauko ƙwallo daga raga, ya ɗago kai, abin da ya gani ke nan: bayan ubansa.

Washegari muka dawo daga coci muka tarar an jefo bulo ta tagar falo. An rubuta wata kalma da fenti a ƙofarmu, ba zan maimaita ta ba, da kaina na kankare. Mahauci yanzu ma'auninsa yake kallo in na shiga. Uba da ɗa suna zama tebur ɗaya, ba ka jin komai sai ƙarar cokali.

Ana cikin haka na buɗe ambulan ɗinka, na ga 'yar takarda da sunansa, har na yi murna. Na ce masa, "Ga kawunka, shi zai san abin da zai faɗa maka." Da hannuna na miƙa masa, ban karanta ba. A tsaye ya karanta. Ya ninke ta, ya ajiye gefen faranti, ya ce, "Kawu ma ya ji ke nan." Ya ɗauki jakarsa ya tafi atisaye.

Babu kwanan wata a jikinta, Desmond. Da ya dawo na nuna masa babbar wasiƙar, na ce duba, tun Janairu aka rubuta, wasa yake yi. Ya ce, "Ko a Janairu ne, Mama, abin da ke ransa ke nan. Kuma ai bai yi ƙarya ba."

Na san wasa kake yi, na san bakinka. Amma kai kana can kana jin lamba a rediyo, mu muna nan muna share fasasshen gilashi. Kada ka sake rubuto masa sai na ce maka.

Glenys

Whyalla
21 ga Maris

Ƙanwata Glenys,

Ina gaishe ki, ina gaida Norman. Muna lafiya.

A bakin ƙofa na karanta takardarki, ban motsa ba har Beryl ta zo ta zare ta daga hannuna. Abin da rediyo ya ce mini a ranar shi ne: Skelby babu, Marsby ɗaya. Na yi tsaki na tafi ban ruwan tumatir. Ban san ta hannunsa ta shiga ba, ban san da bulo ba, ban san da komai ba.

Kin san gidan da muka tashi. Baba wanda yake so shi yake tsokana, kuma ni irinsa na ɗauko. Ranar da na rubuta wannan 'yar takardar ina ta dariya ni kaɗai, ina hango shi yana karantawa yana dariya. Da na san za ta kwana a buhun gidan waya har Maris, da na yanke hannuna.

Kin ce kada in rubuta masa, ba zan rubuta ba. Amma ki faɗa masa da bakinki: golan da bai taɓa zubar da irin wannan ba, bai daɗe a raga ba ne. Tordoff da suke ta yabo, da idona na ga ya jefa ƙwallo cikin ragarsa da hannunsa yana sabon zuwa, kuma ga shi ya tsufa a wajen. Ki ce masa kawunsa yana nan, kawunsa ne, ko Skelby ta faɗa teku.

Cyril kuwa ya ci sa'a nisa ya raba mu. Norman fa? Kin tambaye shi abin da ya fitar da shi?

Hoton yana nan inda yake. Na ba Murdo labari, ya je ya haɗo mini shayi.

Yayanki,
Desmond

Whyalla
18 ga Afrilu

Glenys,

Ina gaisuwa. Har yanzu shiru. Kullum Beryl ce ke riga ni zuwa akwatin wasiƙu, don kada ta ga fuskata in na buɗe.

Ina jin lambobin. Na ji ranar da aka zura mana biyar. Rediyo ba ya faɗin sunan gola. Shi ne a raga? Yana cin abinci? Ko layi ɗaya ne ki rubuto, ko zagi ne.

Yayanki,
Desmond

Skelby
3 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Lafiyar jiki dai muna da ita. Ka riga ka ji: mun faɗi.

Ban yi shiru don in hukunta ka ba. In na ɗauki alƙalami sai in rasa ta inda zan kama. Biyar ɗin da ka ji ba shi aka zura wa ba. Koci ya cire shi ya mayar da Tordoff da kafaɗar da ba ta gama warkewa ba, aka yi masa wannan cin, dole aka dawo da Russell. Daga nan duk lokacin da ya kama ƙwallo, komai sauƙinta, sai namu 'yan kallon su tafa masa tafin ba'a. Ya rame, wandonsa har na rage masa ƙugu.

Shekaranjiya aka yi wasan ƙarshe a Ropery. Sai mun ci za mu tsira, canjaras ba zai yi ba. Norman bai sake cewa zai je fili ba tun Maris. Da safe na ce masa, "Yau ma ba za ka je ba?" Ya ce yana da aiki a lambu, ya ɗauki kwat ɗinsa ya fita. Sai na ce to, yaron nan ba zai tsaya shi kaɗai ba. Na ɗaure gwiwa na tafi, na tsaya bayan ragar ɓangaren teku ana yayyafi. Cyril ya gan ni, ya matsa ya ba ni wuri a jikin shinge, bai iya ɗago kai ba.

Yaya, da ka ga ɗanka. Ni ban san ƙwallo kamar ku ba, amma na san abin da na gani. Wata ya ture ta saman ƙarfe, wata ya kwanta a ƙafar mutum ya ƙwace, aka taka masa hannu ya tashi ya ci gaba. Akwai wadda duk muka ɗauka ta shiga, har baƙin sun fara ihu, sai ga ta a ƙirjinsa. Ba abin da ya wuce shi. Amma namu 'yan gaban sun kasa ci ko ɗaya. Haka aka tashi, babu ci.

Da alƙali ya busa, filin ya yi tsit. Manyan maza suna kuka a fili ba kunya. Can sai wasu suka fara tafa masa, tafin gaske, da hannuwan da suka yi na ba'a. Bai kula su ba. Ya ɗauki hularsa a cikin raga, ya tako har gaban shinge yana bin fuskoki da ido. Ya gan ni, ya ɗaga mini hannu, amma idonsa ya wuce ni yana duba dama da hagu. Sannan ya juya ya tafi.

A gida muka tarar da Norman a kicin. Ya ce, "Na ji an ce ka yi ƙoƙari." Russell ya ce, "An ce." Ya hau sama.

Na isar masa da saƙonka tun tuni, ya ce ya ji. Kana iya rubuto masa.

Ƙanwarka,
Glenys

Skelby
24 ga Mayu

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya da Anti Beryl da ƙannena. Na samu wasiƙarka. Ka bar damuwa da wancan zancen, ya wuce.

Koci ya kira ni ya ce yana so in zauna baɗi a rukuni na biyu. Na ce masa a'a. Ba zan iya sake tsayawa a wannan ragar ba, kuma ba na sha'awar wata. In na bi titi, mai harara da mai dafa mini kafaɗa duk ɗaya suke a wajena, kowa ƙwallon Marsby yake gani a fuskata.

Akwai aiki a wajenku? Hannuwana lafiya lau suke, kuma ina koyon abu da sauri. Wuri nake so inda sunana ba ya tuna wa kowa komai.

Ban faɗa wa Mama ba tukuna, don Allah kada ka faɗa mata. Baba kuwa ina ganin zai fi sakewa in ba ya ganina.

Ɗanka,
Russell

Whyalla
5 ga Yuni

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sanyinmu ya shigo.

Russell ya rubuto mini. Ya bar ƙwallo, yana so ya taho nan ya yi aiki. Ya ce yana ganin ubansa zai fi sakewa in ba ya ganinsa. Ya roƙe ni in ɓoye miki, ni kuma ba zan iya ba.

Aiki akwai, ɗaki akwai, Beryl har ta fara auna labule. Ba sai na ce miki ina so in gan shi ba. Amma ina tuna fuskar Mama a tasha ranar da na tafi, tana cewa sai na dawo hutu, kuma kin san ban sake ganinta ba. Ba zan amsa masa ba sai na ji daga gare ki. In kin ce a'a, zan ce masa ba a ɗaukar mutane bana, kuma ba zai taɓa sanin mun yi wannan maganar ba.

Yayanki,
Desmond

Skelby
10 ga Oktoba

Yaya Desmond,

Ina gaishe ka, ina gaida Beryl, ka yi mata godiyar ɗawainiyar da za ta yi. Muna nan, mu biyu.

Tun da na ce maka to a watan Yuni nake fatan takardun tafiyar su maƙale a wani wuri. Ba su maƙale ba. Ya tafi makon jiya. Jirginsu na ruwa sai farkon watan gobe zai iso, wannan kuwa ta sama za ta bi, za ta riga shi.

A tashar jirgin ƙasa muka yi sallama. Ni na yi kukana, na cusa masa burodi da nama a aljihu. Norman ya miƙa masa hannu kamar baƙo ya ce, "Ka riƙa sa hula, an ce ranar can ba ta wasa." Russell ya ce, "To, Baba." Norman ya ce, "Ka gaida kawunka." Jirgi ya tashi. Yaron ya leƙo ta taga, ni yake ɗaga wa hannu.

Jiya na je asibiti saboda gwiwa, na zauna kusa da tsoho Pickersgill, mai gadin ƙofar ɓangaren teku. Ya tambaye ni, "Ina maigidan? Bana ban gan shi ba, na saba da shi a bakin ƙofata." Na ce ai tun Maris ya daina zuwa fili. Ya dube ni ya ce:

"Shiga ce ya daina. Ba wasan gidan da bai zo ba. Jingina yake yi da bango a waje, in an yi ihu ya ce mini, 'Leƙa mini, yaron ne?' Ranar wasan ƙarshe ƙafata har ta gaji da hawa da sauka. Duk wadda yaron ya tare sai na sauko na kwatanta masa da hannu. Da aka tashi ya ce in ban damu ba in sake kwatanta masa ta ƙarshen."

Ban jira likita ba. Na dawo na sami Norman yana goge takalmi. Na ce, "Lambu, ko?" Ya gane. Ya ce, "In na shiga zan ji abin da suke ce masa. Ba zan iya ji in tsaya ba. In kuma na daki wani, a kansa za ta ƙare."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa masa? Yaron nan ya tafi yana ganin kunyarsa kake ji."

Ya ajiye burushi ya ce, "Haka ya ce?"

Na ce haka ya rubuta wa kawunsa. Yaya, shekarun nan duka da muka yi ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Na kawo masa takarda da alƙalami. Ya rubuta "Ɗana Russell", ya zauna a gabanta har shayinsa ya huce. Ba abin da ya ƙaru.

Don haka kai zan ɗora wa. Kada ka faɗa masa a bakin jirgi cikin hayaniya. Ka bari ya huta, ya ci abinci, ya saba da ɗakinsa, sannan ka zaunar da shi ka faɗa masa yadda na faɗa maka. In ya ga dama ya rubuto wa ubansa, in bai ga dama ba kada ka matsa masa. Ba ya cin albasa ɗanya, kuma in yana ciwo ba ya faɗa, sai ka lura.

Norman yana nan gefena. Na tambaye shi ko yana da saƙo kafin in rufe. Ya yi tunani mai tsawo, sannan ya ce in tambaye ka, in yaron ya iso, ka duba ko ya tafi da isassun safa.

Ƙanwarka,
Glenys